Ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin ƙarafan doron jirgi: a shafe da silikon ko a kwance?

Ɗan Kanari: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Wasunku sun san ina aiki a wurin gyaran jiragen ruwa a Las Palmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen. Yanzu lokacin cunkoso ne, don a ƙarshen Nuwamba ayarin ARC ke tashi, wato jiragen nan masu tafiya da iska da ke tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Sent Lusiya a yankin Karibiyan, tafiyar kusan mil 2,700 na teku. Kowa so yake a sallame shi nan take.

An haɗa ni da wani jirgin faiba mai tsawon kusan mita 12, ƙirar shekarun 1980. Mai shi ya ce duk sanda aka yi ruwa ko ya wanke doron jirgin, sai ya ga ɗiga a ciki wuri biyu. Na ɗaya a gindin wata sandar shinge ta gefen dama. Na biyu inda mariƙin wayar nan da ke riƙe doguwar sandar ƙyalle (ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi) ya ratsa doron ya shiga ciki. Ya sayo silikon kwalba biyu ya ce in zagaye gindin kowanne da shi, shi ke nan. Maigidana ya yi tafiya sai mako mai zuwa. Ni dai raina bai kwanta ba, amma ban san yadda zan yi wa mutumin bayani ba. Me kuka gani?

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Mai kaya ya ce shafa, ai sai ka shafa ka karɓi kuɗinka. Ina ruwanka?

Baban Tema: Mai Shayi, ka tsaya kan shayinka. Ɗana, kada ka kuskura. Ajiye kwalaben nan tukuna ka amsa mini tambaya uku. Ruwan da ke ɗiga fari ne ko yana da launin shayi? In ka kama sandar ka girgiza, gindinta kaɗai ke motsi ko har doron da ke kewaye da ita yana lotsawa? Sannan akwai 'yan siraran tsage-tsage a fentin da ke kewaye da gindin?

Ɗan Kanari: Baba, na je na duba. A ƙarƙashin sandar akwai tabo ruwan ƙasa da ya gangaro jikin rufin ciki. Da na girgiza ta, doron ma yana ɗan numfasawa. Tsage-tsagen kuma suna nan, sun fito daga wajen notina biyu na waje. Shi kuwa mariƙin waya, daga sama fes yake yana sheƙi, amma a ciki akwai zirin tsatsa da ya bi jikinsa zuwa ƙasa.

Baban Tema: To ai ka riga ka samu amsarka. Ruwa mai launi ba ruwan sama zalla ba ne, ya bi ta cikin ruɓaɓɓen katako ya fito.

Injiniya Zazzau: Bari in faɗaɗa maganar Baba, don wanda bai taɓa ganin cikin doron irin wannan jirgi ba zai ɗauka faiba ce curi guda. Ba haka ba ne. Hawa uku ne: fatar faiba a sama, fatar faiba a ƙasa, a tsakiya kuma wani abu mara nauyi mai kauri kamar santimita ɗaya ko fiye. A yawancin jiragen wancan zamanin katakon balsa ne, wanda akasari daga Ekwado ake kawo shi. Wasu kuma soso ne mai tauri, wasu wuraren da aka san za a ɗaura kaya mai nauyi sai a sa filawud. Ƙarfin doron gaba ɗaya ya dogara ne a kan cewa fatun nan biyu suna manne da na tsakiyan. Ranar da na tsakiyan ya ruɓe, abin da ya rage sirarar faiba biyu ce da iska a tsakaninsu.

Duk wani ƙarfe da ke kan doro, winci ne na jan igiya, ƙahon ɗaure igiya ne, layin da ƙugiyar ƙyalle ke gudu a kai ne, gindin shinge ne, sai da aka huda hawa ukun nan aka zura ƙusa mai noti. Kamfanoni da yawa a lokacin hudawa kawai suke yi su sa gam su ɗaure, katakon yana nan tsirara a cikin ramin. Gam ya tsufa, rana ta busar da shi, mutane suna ta kama sandar suna hawa jirgi da ita, sai ruwa ya samu hanya. Kafin ɗigo ɗaya ya bayyana a ciki, balsar ta daɗe tana sha.

Yanzu ka shafa silikon a sama. Ruwan da ke ciki ba zai fita ba, motsin sandar zai ɓalle shafen cikin ɗan lokaci, sannan ka ƙara wa mai gyara na gaba wahala, don silikon na barin wani maiƙo a jikin faiba wanda ba abin da ke kamawa a kai, har shi kansa sabon silikon.

Kafintan Yawuri: Allah ya ƙara basira Hajiya. Ni ban taɓa taɓa jirgin faiba ba, namu na katako ne a Kogin Kwara, maɗaci da ƙusa da tsumma da kwalta. Amma abin da kika faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Katakon da ke nutse cikin ruwa kullum ba shi ke fara lalacewa ba. Wanda ke jiƙewa ya bushe, ya sake jiƙewa, musamman bakin ƙusa inda ruwan sama ke kwanciya, shi ke fara zama gari. Mu da gindin wuƙa muke ƙwanƙwasawa mu saurara. Mai lafiya ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum.

Na Maraɗi: Malam Kafinta, wallahi mu ma nan La Rochelle ta Faransa haka muke yi, sai dai da 'yar guduma ta roba don kada a fasa fenti. Akwai na'urar awon danshi, amma kusa da ƙarfe takan yi ƙarya, kunne ya fi ta gaskiya a can. Ƙanena, ɗauki fensir ka ƙwanƙwasa kewaye da gindin, duk inda sauti ya mutu ka yi alama. Da haka za ka ga girman ɓarnar kafin ka huda komai. Kuma kada ka tsaya kan waccan sandar kaɗai, bi su duka ɗaya bayan ɗaya, da ƙahonin gaba da na baya, da gindin injin jawo anka.

Amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali cikin bayaninka ba sandar shinge ba ce. Zirin tsatsar nan ne.

Mai Shayi: To ni a nan na ɓace. Ba sitenles ba ne? Ai cewa ake ba ya tsatsa. Cokulan shagona shekara da shekaru suna cikin ruwa ba abin da ya same su.

Injiniya Zazzau: Tambayarka ta fi shawararka ta farko kyau, Malam. Abin da ke kare sitenles wata fata ce siririya da ido ba ya gani, wadda sinadarin kuromiyam da ke cikin ƙarfen ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. In an karce ta, iska na taɓa wurin sai ta sake yin kanta. Cokalinka kullum yana shan iska. Shi kuwa mariƙin nan, akwai wani yanki nasa da ke binne a cikin kaurin doro, gam ya rufe shi sama, ruwan gishiri ya tsaya cik a jikinsa, iska ba ta kai wa. A nan gishiri ke cinye fatar, ba ta kuma samun yadda za ta dawo. Sai ƙarfen ya riƙa yin ramuka da tsagewa daidai inda ba wanda ke gani. Sama na sheƙi, ƙasa lafiya, tsakiya ya tafi. Shi ya sa mariƙan nan kusan kullum a daidai wuyan doro suke tsinkewa, in kuma ɗaya ya tsinke cikin iska, sandar ƙyalle ce za ta biyo baya.

Ga kuma lissafin da ya kamata mai jirgin ya ji: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take dannawa a jikin ƙyalle ninki huɗu yake yi. Abin da ya riƙe a yawon bakin tsibiri ba lalle ya riƙe mako biyu zuwa uku a tsakiyar teku ba, dare da rana igiyar ruwa na fizgar sa.

Baban Tema: Haka yake. Ni walda ce sana'ata, a tashar kamun kifi na tsufa. Na sha ganin ƙarfe mai sheƙi da in ka sa shi a matsi ka buga sai ya rabu biyu, cikinsa baƙi ƙirin. Ɗana, sai an zaro mariƙin nan. Amma ka yi da tsari. Kada ka sassauta wayar sai ka fara ɗaure sandar ƙyallen da igiyar jan ƙyalle guda biyu zuwa wani wuri mai ƙarfi a wannan gefen. Gefe ɗaya za ka yi, ka gama, ka mayar, sannan ka koma ɗayan. In ka zaro shi ka wanke, ka goge har ya yi haske, ka sa gilashin ƙara girma. In kana da maganin feshin nan na gano tsagewa, mai gwangwani uku, ya fi: ka wanke, ka fesa jan, ka bar shi ya shiga, ka goge, ka fesa farin. Duk inda jan layi ya fito cikin farin, tsagewa ce. In ka ga ko ɗaya, a jefar. Kada wani ya ce maka a kawo a yi masa walda, ni mai walda ne nake faɗa maka.

Kuma ka duba katakon bangon ciki da aka ɗaure shi a jiki. Ruwan da ya bi ƙarfen nan ai can ya sauka. Soka masa tsinin sukudireba kusa da notinan.

Ɗan Kanari: Na gode Baba. To in na kwance sandar shingen na tarar balsar ta ruɓe, yaya zan yi? Sai an yanke doron duka?

Na Maraɗi: Ya danganta da abin da fensirinka ya nuna. In ɓarnar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ta cikin ramukan za ka yi aiki. Ka faɗaɗa ramin fatar sama kaɗai, misali ƙusa mai milimita 8 ka kai ramin 14 ko 16, kada ka taɓa fatar ƙasa. Ka lanƙwasa kan ƙusa ko ka yanke guntun makullin alen, ka sa a bakin injin huda, ka zura ya kwakule balsar da ke kewaye, ka zuƙe garin da injin shara. Ka ci gaba har sai abin da ke fitowa fari ne busasshe. In da sauran danshi ka bar shi ya bushe, don efoksi, gam ɗin nan da ake haɗa ruwa biyu ya daskare da tauri, ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Nan ne gaggawa ke kashe aiki.

Bayan nan ka toshe ramin ƙasa da salatif, ka fara zuba efoksi tsinkakke da sirinji ya jiƙa bangon ramin, sannan ka cika da wanda ka kaurara da garin silika. In ya daskare sai ka sake huda ramin ƙusar a tsakiyarsa. Yanzu ƙusar ta ratsa ta cikin efoksi zalla, ko ruwa ya sake shiga wata rana, ba zai ga katako ba, kuma in ka ɗaure noti doron ba zai murƙushe ba. Abu ɗaya: efoksi in ya taru da yawa wuri guda zafi yake yi, har ya yi hayaƙi ya tsage. Ku can akwai ɗumi, ka nemi mai daskarewa a hankali, babban rami kuma ka cika shi sau biyu.

In kuwa alamarka ta kai tsawon hannu, wannan ya wuce sirinji. Sai an yanke fata ɗaya an sa sabon ciki. Ka jira maigidanka.

Injiniya Zazzau: Ka leƙa ƙasa ka gaya mana abin da ke bayan notinan. Ina zargin 'yan ƙananan wosha ne kawai.

Ɗan Kanari: Kamar kina wurin, Yaya. Wosha huɗu, biyu ma sun nutse cikin faibar.

Injiniya Zazzau: Sandar shingen nan tsayinta kusan santimita 60 ne, gindinta kuwa bai fi 10 ba. In ƙato ya faɗa jikin wayar shingen, ƙarfin da zai isa ga notinan ya ninka nauyinsa sau da yawa. Wosha ba ta iya raba wannan. Ka yanka faranti guda da ya fi gindin faɗi, na G10 (allon faiba da efoksi mai tauri) ko alminiyam mai kauri ko sitenles, ka zagaye kusurwoyinsa, ka kwantar da shi a kan efoksi mai kauri don ƙasan doro ba a daidaice yake ba. Ni G10 na fi so, ba ya tsatsa, ba ya faɗa da wani ƙarfe. In alminiyam ka samu, to ka shafa Duralac ko Tef-Gel, man da ke raba ƙarafa biyu kada su ci juna, a jikin ƙusoshin, don sitenles da alminiyam in suka haɗu a ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke narkewa ya zama farin gari. Ƙusoshin kuma ka sa sababbi, ka duba kansu ka ga an rubuta A4, wato sitenles nau'in 316, mai ɗauke da molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari wanda ya fi jure gishiri. A2 na kicin ne da cikin gida. Kada ka dogara da maganaɗisu, ba ya bambance su.

Baban Tema: Sai batun gam. Ni dai Sikaflex 291 na sani, shi na ga ana aiki da shi shekara da shekaru, ban ga aibinsa ba.

Na Maraɗi: Baba, da girmanka, nan zan saɓa maka. Tef ɗin butil, wato zirin gam mai laushi kamar roba, ya fi a wannan aiki. Ba ya daskarewa har abada, kullum yana nan da danƙo, in ƙarfe ya motsa sai ya bi shi. Ba ɓata hannu, ba jira, kuma bayan shekara goma ka kwance cikin sauƙi. Na buɗe tagogi da ƙahoni na jiragen da suka girme ni, na tarar butil ɗin na nan yana miƙewa.

Baban Tema: Na ji, amma butil ba ya riƙe komai. Kuma a zafinmu na nan sai ya yi ta tsattsafowa ta gefe yana kwasar ƙura. Ka zuba masa man gas kuma ya narke.

Na Maraɗi: Riƙo ai aikin ƙusa ne Baba, gam toshe ruwa kawai aka sa shi. Maganar man gas kuwa gaskiyarka, ba na sa shi a bakin tankin mai, ba na sa shi a ƙasan ruwa, ba na kuma sa shi inda sukuru kaɗai ne ba noti. Tsattsafowar kuma ta kwanakin farko ce, kana ɗaurewa kaɗan-kaɗan kana yanke abin da ya fito, har ya zauna.

Baban Tema: Yaron nan yana da kwanakin da zai yi ta komawa yana ɗaure noti? Jirgin tafiya zai yi.

Injiniya Zazzau: Ku biyun kowa na da hujja, kuma na ga aikin da ya yi kyau da kowanne, na ga wanda ya lalace da kowanne. Ni a ganina abin da ke raba su ba sunan kwalba ba ne, abubuwa uku ne da mutane ke tsallakewa. A wanke tsohon gam tas, a goge da asiton, ruwan da ke cire maiƙo. A ɗan fafe bakin ramin ta sama da bakin huda mai faɗi, yadda gam zai taru ya yi zobe kewaye da wuyan ƙusa, ko an ɗaure da ƙarfi ba zai matse ya fice duka ba. Sannan wajen ɗaurewa mutum ɗaya ya riƙe kan ƙusar a sama kada ta juya, na ƙasa ya juya noti. In ƙusar ta juya ta yaga zoben. Kuma kada a sa gam ta ƙasa ko kaɗan. In ruwa ya shiga, so muke ya ɗigo mu gani, ba ya tsaya a tsakiya ba.

Abu ɗaya da zan hana shi ne 3M 5200. Wannan na haɗin da ba a so a sake rabawa ne. Ranar kwancewa da fatar doron zai taso.

Kafintan Yawuri: Wannan na hana toshewa ta ƙasa ya burge ni. Irin mai gidan da kwanonsa ke yoyo ne, ya bar ƙusar rufi ya je yana yi wa silin fenti.

Shugaban Zaure: Jama'a, an goge saƙonni biyu na tallar fili. A tsaya kan magana.

Ɗan Kanari: Salam. Ga yadda aka yi. Na kira mai jirgin na ba shi gudumar ya ƙwanƙwasa da hannunsa, ya ji bambancin sautin. Da ƙyar ya yarda a zaro mariƙi ɗaya, da sharaɗin in ba a ga komai ba ba zai biya kuɗin aikin ba. Na yi wa maigidana waya ya ce in yi. Mun tallafe sandar ƙyallen kamar yadda Baba ya ce. Da muka zaro shi, daidai inda yake binne ya yi ramuka kamar an caccake shi da allura, jan maganin kuma ya fito da layi daga gefe har kusan tsakiyar faɗinsa. Mutumin ya daɗe yana juya shi a hannu. Yanzu shi da kansa ya ce a zaro sauran duka. Bangon ciki da sauƙi, saman filawud ɗin kaɗai ya yi baƙi, sukudireba bai shiga ba.

Gindin shingen kuma ruɓar ba ta kai tafin hannu ba, na kwakule, yana bushewa. Na samu wasu sanduna biyu a gefen hagu da sautinsu bai yi mini ba.

Mai Shayi: To silikon ɗin kwalba biyu fa? In ba ya so a aiko mini, bahon shagona na zuba.

Baban Tema: Madalla ɗana, Allah ya yi albarka. Sababbin mariƙan da za a ƙera, ka ce wa maƙerin 316 kake so, kaurinsu kada ya gaza na da, ya huda ramukan da tsohon a matsayin ma'auni, kuma ya goge su har su yi santsi kamar madubi, don karce shi ne mafarin rami. Ka shafa ɗan mai a zaren notinan kafin ka ɗaure, sitenles kan cije kansa ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Na Maraɗi: Kuma tsagar da mariƙin ke ratsawa, ita ma ka kwakule balsar kewaye da ita ka cika da efoksi, ka bar 'yar tazara tsakanin ƙarfe da faiba don gam ya samu wurin zama. Wannan wuri kullum cikin motsi yake. Wane gam ka yanke shawara a kai?

Ɗan Kanari: Maigida ya ce Sikaflex a mariƙan, don shi ke cikin shago kuma shi ya saba da shi. Gindin shingen ya bar mini zaɓi, zan gwada butil, jirgin na nan kusa da mu har ranar tashi, zan samu damar bin notinan.

Baban Tema: Ka gani ko, Na Maraɗi.

Na Maraɗi: Rabi da rabi ne Baba, ba a kayar da kowa ba. Ƙanena, in ka gama kada ka mayar da rufin ciki sai ka sa wani ya sakar wa wurin tiyo da ƙarfi na 'yan mintuna, kai kana ciki da tocila da busasshiyar takarda. Sannan ka turo mana hoton sanduna biyun nan na hagu kafin ka huda.